Tsohuwar Shas mai karyayyen casis: tsaya ka karanta kafin ka zuba gumin shekara biyu a kanta

 Rubutun yau yana da tsawo. Wanda yake bakin aiki ya ajiye shi, in ya tashi ya sha ruwa ya karanta a natse, don magana ce ta kuɗi da iƙama da lafiyar jiki.

Akwai wata dabara da ta fara yawo a tsakaninmu, ina jin ta a majalisun dare na Shara Mansur, ina jin ta wajen masu shayi. Mutum ya tara 'yan riyalolinsa, ya buɗe Haraj a waya, ya ga tsohuwar Land Cruiser ko Patrol ko Hilux an sa mata kuɗi ƙasa da na 'yan uwanta sosai, a ƙasan hoton an rubuta wai casis ɗinta yana da 'yar matsala. Sai ya ce ai wannan ba komai ba ne, in saye ta, in je tashlih in samo wani casis, ni da abokaina biyu mu canza shi a ƙofar gida ko a hoshin wani ranakun Juma'a, in ta tashi in nemi kuɗi da ita ko in tura ta gida. A cikin wata biyu mutum huɗu suka turo mini hoto suna tambaya. Shekarata tara a warsha a garin nan, daga miƙa sifana na fara har aka soma bar mini mota ni kaɗai. Amsar da na ba su ita zan ba ka: kada ka saya. In kuma ka riga ka saya, kada ka kwance ta a gida.

Na san abin da yake jan ka, don ni ma yana ja na. Motar nan ba ta da tsara a wajen wahala. Tun 1984 Toyota ta fara yin wannan samfurin na 70, har yau ana yin sa, kamanninsa bai canza sosai ba. Larabawan nan suna ce wa a-kori-kurarsa Shas, kuma daga kalmar casis ɗin sunan ya fito, ka ga tun daga sunanta an gaya maka inda darajarta take. A 1987 da irin waɗannan motoci sojojin Cadi suka kori na Libiya daga arewacin ƙasarsu, har duniya ta sa wa yaƙin sunan Toyota. 'Yan uwanmu na Nijar sun fi kowa sani, tun da aka samu zinariya a Jado a 2014 Hilux da Land Cruiser suke ta zirga-zirga tsakanin Agadas da can. Mu kuma na ƙauyukan Katsina da Zamfara da Sakkwato mun san hanyoyinmu in damina ta sauka, ƙaramar mota sai dai a ɗaura mata igiya. Injin dizal ɗin nan 1HZ, in ka ba shi mai da ruwa, sai ka gaji ka bar shi. To duk wannan gaskiya ne. Amma duk wannan kirari na motar da casis ɗinta yake lafiya ne.

Bari in yi wa wanda bai taɓa shiga ƙarƙashin mota ba bayani. Camry da Corolla da irinsu, bodi da ƙashin jikinsu a haɗe suke, abu ɗaya ne. Waɗannan manyan kuwa daban aka yi su. Akwai dogayen ƙarafa biyu daga gaba har baya, an haɗa su da wasu a gicciye, kamar ka kwantar da tsani a ƙasa. Wannan tsanin shi ne casis. A kansa inji yake zaune, da giyabos, da dabal, da tankin mai. A jikinsa sifirin da shokazoba da akwatin sitiyari suke ɗaure. Bodin da kake gani, da kujeru da gilasai da fenti mai ƙyalli, ɗora shi kawai aka yi a sama aka ɗaure da noti. Saboda haka wanda ya ce maka zai canza casis, abin da yake nufi shi ne zai wargaza motar gaba ɗaya ya sake gina ta a kan wani ƙarfe. Babu ɓangare ɗaya da hannu ba zai taɓa ba.

Amma kafin mu zo kan ƙarfe, mu fara da takarda, don a ƙasar nan takarda ce take fara cin mutum.

A jikin casis akwai lamba da kamfani ya buga, haruffa da alƙaluma guda 17 a motocin zamanin nan. A Land Cruiser za ka same ta ta gefen dama, a gaba, kusa da taya. Ita ce raƙam haikal da ke cikin istimara, ita ce a kwamfutar murur, ita ce a ta'amin, ita mai fahas yake dubawa. A wajen hukuma wannan lambar ita ce motar. Inji ana canzawa, ƙofa ana canzawa, amma ranar da ka zare casis ka sa wani, motar da ke ƙofar gidanka da motar da ke cikin istimararka sun zama biyu. Lambar da take jikin sabon ƙarfen ta wata mota ce, wadda wataƙila an riga an soke rajistarta an rubuta ta mutu, wataƙila akwai bashin banki a kanta, wataƙila ma an kai ƙarar sace ta. Kai ba ka sani ba, kwamfuta ta sani.

Sai wani mai wayo ya ce maka ai da sauƙi, a yanko wurin lambar daga tsohon casis a liƙa da walda a sabon, a goge a shafa baƙin fenti. Ɗan uwa, duk wanda ya ba ka wannan shawarar ka tashi daga tabarmarsa. A jadawalin laifuffukan murur, goge lambar casis ko ƙoƙarin goge ta yana layi ɗaya da sa wa mota faranti wanda ba nata ba, tararsa daga riyal 5,000 zuwa 10,000. Ko canji kawai ka yi a jikin motar wanda ya sauya asalinta ba tare da ka bi hanyar hukuma ba, riyal 1,000 zuwa 2,000 ne. Kuma tarar ita ce ƙaramar. Babbar ita ce tambayar da za ta biyo baya: ina ka samo wannan ƙarfen, wa ya yi maka aikin, a wace warsha? Ɗan ƙasa zai tsaya ya yi bayani, ya kira wane ya kira wane, ya koma gida ya ci shinkafarsa. Kai da iƙama kake zaune. Da yawanmu a iƙamar an rubuta direban gida ko lebura, ba a rubuta makanike ba. An same ka da mota a wargaje da kayan aiki a hoshi, sai ka yi bayanin cewa ba sana'a kake yi a bayan kafilinka ba. Daga nan zuwa Shumaisi ba nisa, kowa ya san hanyar, kuma wanda ya shiga can ba ya fitowa da mota.

Akwai ma tambayar da ta riga wannan: da sunan wa za a rubuta motar? Ba kowace mota ake barin baƙo ya mallaka ba. Mai kujerar mutum bakwai ko fiye sai mai iyali da yawa a ƙasar, wanet da sauran motocin kaya kuma sai sana'ar da ke iƙamarka ta dace. Shi ya sa mutanenmu suke sa sunan kafili ko na wani ɗan ƙasa da suka saba da shi, su karɓi tafwid su riƙa tuƙawa. Ban ce kowa macuci ba ne, akwai mutanen kirki da sun riƙe amana shekara da shekaru. Amma ka yi tunani. Kuɗinka ne, wahalarka ce, sunan wani ne. In ya rasu, motar ta shiga gado. In kun saɓa, ba ka da takarda ko ɗaya. In kuma ka je ka canza mata casis a ɓoye aka kama, shi za a fara kira, kuma ka san abin da zai ce don ya wanke kansa.

Hanyar halas tana nan, ban ce babu ba. Ana canza casis a ƙasar nan, kamfanoni suna yi, masu kuɗi suna yi wa tsofaffin motocinsu da suke ƙauna. Daga murur ake farawa tun ba a kwance noti ɗaya ba, a nemi izini, a kawo shaidar inda aka sayi sabon casis, a yi aikin a warsha mai lasisi, a kai fahas, a gyara bayanin motar a takarda. Ko gyaran haɗari na yau da kullum warsha mai tsoron hukuma ba ta karɓar mota sai da izinin gyara, wanda yanzu ake cirewa ta Absher, balle wannan. Amma in ka bi wannan hanyar ka lissafa, arahar da ta ja ka tun farko ta gudu. Araha ba ta ado, a nan kuwa ko sutura ba ta yi.

To yanzu mu ajiye hukuma a gefe, mu ɗauka babu mai ganinka. Mu zo kan aikin kansa.

Kafin bodi ya ɗaga, sai ka cire batir, ka zuƙe mai daga tanki, ka zubar da ruwan lagireto, ka fitar da iskar AC, ka raba sandar sitiyari, ka kwance bututun birki da na mai, da wayar birkin hannu, da duk wayarin da ya ratsa daga cikin bodi zuwa inji da fitilun baya. Kowace waya sai ka ɗaura mata alama, in ba haka ba ranar mayarwa za ka zauna kana kallonsu kamar taliya. Notin da suke riƙe da bodi sun shekara ashirin ko talatin ba a taɓa su ba. Wasu za su kwance, wasu za su karye a ciki, sai an huda an ciro. Wannan duk aikin haƙuri ne, mai haƙuri zai iya.

Inda haƙuri ba ya amfani shi ne wajen ɗagawa. A warsha muna da na'ura mai ƙafa biyu, ta kama bodi ta wuri huɗu ta ɗaga shi daidai, a gangaro da casis daga ƙasa. Kai me kake da shi? Jak na canza taya, da bulo, da katako, da abokai uku waɗanda ɗayansu tela ne. Bodin nan nauyinsa ɗaruruwan kilo ne, kuma nauyin ba a tsakiya yake ba. Sai ya hau sama sosai kafin tayoyi da inji su iya wucewa ta ƙarƙashinsa. Bulon siminti kuwa ba ya gargaɗi. Katako yana ƙara kafin ya karye, bulo sai dai ka ga gari. Ga unguwanninmu, ka san yadda suke, rabinsu a kan dutse, lungu a karkace, babu inda ƙasa ta kwanta daidai.

Akwai wani bawan Allah daga wajen Tasawa, ba zan faɗi sunansa ba, da yawa a cikinku sun san shi. Mutum ne mai hannu, a gida ma gyaran injin ban ruwa yake yi. Ya sayi tsohuwar Patrol, suka ɗora bodinta a kan bulo da gangunan ƙarfe a wani hoshi. Ya shiga ƙasa zai cire wata waya ɗaya da suka manta, wani ya jingina da ƙofa. Shi ke nan. Allah ya yi da sauran kwana, a kafaɗa da hannu ta same shi. Wata huɗu bai yi aiki ba, kuma da yake ba a bakin aikin kafilinsa abin ya faru ba, babu wanda ya ɗauki nauyinsa, mu muka riƙa haɗa riyal hamsin hamsin. Hannun har yau ba ya ɗaga bokiti. Motar kuma ta zauna a wargaje har mai hoshin ya gaji, aka kira masu tashlih suka kwashe ta a kuɗin ƙarfe. Yara biyar gare shi a gida. Wannan hannun shi ne jarinsa, da shi ya ci bashi ya zo ƙasar nan.

Ko ba a ji ciwo ba, lokaci zai ci ka. Yini ɗaya kake da shi a mako, wani ma ba shi da shi. Aikin da warsha mai kayan aiki da mutum uku take kwana da kwanaki a kansa, kai za ka yi shi Juma'a zuwa Juma'a, a garin da zafinsa yake wuce 45 da rani, sifana ma sai ka sa tsumma kafin ka ɗauka. A Hajjin 2024 har 50 ya haura. Wata uku, wata shida, mota tana zaune babu taya. In a titi take, baladiyya za ta manna mata takarda, in ba ka ɗauke ba su zo da saɗaha. In a hoshi take, haya tana tafiya. Kafin ka gama, notin da ka zuba a gwangwani rabinsu sun ɓace, abokan da suka ce suna tare da kai an canza wa ɗaya wurin aiki, ɗaya ya tafi hutu.

Sannan casis ɗin da za ka sayo, daga ina ya fito? Ka tambayi kanka me ya kai Land Cruiser tashlih. Motar da ko ta tsufa ana rububinta, ba a yar da ita don fenti ya koɗe. Ko ta yi mummunan haɗari, ko ta ƙone, ko ruwa ya ci ta. Wadda ta yi haɗari casis ɗinta ya murɗe, ko da ido bai gani ba. Wadda ta ƙone ƙarfenta ya yi laushi. Wadda ruwa ya ci, kamar motocin ambaliyar Jidda ta 2009 da 2011 da ta 2022, laka ta shiga cikin ƙarfen ta zauna, tsatsa tana ci daga ciki. Makka garin bushewa ne, tsatsa ba ta cika damun motocinmu ba, shi ya sa ba mu iya duba ta ba. Amma motar da ta yi rayuwarta a bakin teku, Jidda ko Jizan ko Yanbu, iska mai gishiri ta daɗe tana lasarta. A waje an fesa baƙin fenti yana ƙyalli, ka buga guduma ka ji kamar ka bugi kwali. Kuma kada ka ɗauka duk casis ɗin Land Cruiser ɗaya ne. Na 70 daban, na 80 da aka yi daga 1990 zuwa 1997 daban, na 100 daban. A cikin 70 ɗin ma akwai gajere akwai dogo, kuma daga 1999 aka canza ƙafar gaba daga sifirin mai faranti zuwa mai murɗi. Na inji fetur da na dizal mazaunin injinsu ba lallai ya zo ɗaya ba. Ka biya, ka ɗauko da saɗaha, ka zo ka ga rami bai hau kan rami ba. Mai tashlih kuma ba ya karɓar kaya in sun fita.

Don ka san girman abin, dubi Toyota da kanta. A Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, casis ɗin wasu motocinta, Tacoma da Tundra da Sequoia, ya riƙa ruɓewa. Masu motocin suka kai ƙara, a 2016 kamfanin ya amince da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.4, na dubawa da canza casis. Kamfanin da ya ƙera motar, da sabon ƙarfe daga masana'anta da ƙwararrun ma'aikata, haka abin ya ci masa. Kai kana so ka yi da albashin wata takwas da jak ɗin taya.

Mu yi lissafi irin namu. Mu ɗauka an rage maka riyal 8,000 a kan kuɗin mai lafiya. Daga ciki cire kuɗin casis, cire saɗaha sau biyu ko uku, cire robobin mazaunin bodi da na inji don tsofaffin ba za su koma ba, cire bututun birki da za su karye wajen kwancewa, cire bushin da noti da man birki da man giya da iskar AC, cire mizani, cire kuɗin mai wayarin da dole sai ka kira shi a ƙarshe in fitila ta ƙi kamawa. Ban sa ranakun hutunka ba, ban sa tara ba. In wani abu ya ragu a 8,000 ɗin nan ka zo ka nuna mini. Kuma ranar da za ka sayar, mai saye zai leƙa ƙasa ya ga an taɓa casis, ya rage maka abin da aka rage maka, ko fiye.

Wani zai ce to walda fa? A nan zan ɗan sassauta. Ba kowace tsaga ce take kashe casis ba. Motar da aka riƙa yi wa lodi fiye da ƙima takan tsage kusa da mazaunin sifirin na baya ko wajen akwatin sitiyari. In tsagar ƙarama ce, ƙarfen gefenta yana da kauri, casis bai murɗe ba, ƙwararren mai walda yana iya gyarawa. Zai huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya fafe ta, ya cike, sannan ya ɗora faranti mai kaurin ƙarfen wanda aka yanka bakinsa a karkace, don kada nauyi ya taru a layi ɗaya. In ka ga mai walda ya ja layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa ya ce an gama, a gefen waldar za ta sake karyewa, kuma ba a tsaye za ta karye ba, sai kana gangarowa daga Hada da kaya a baya. Wannan ma aikin warsha ne da izini, ba na ƙofar gida ba, ga tankin mai a kusa. Amma casis da ya ruɓe ko ya lanƙwashe, walda ba ta yi masa komai. Kamar ka yi wa ruɓaɓɓen zane faci ne.

Saura masu cewa ni ba a nan zan gyara ba, gida zan tura, a Ƙofar Ruwa ko Fanteka a yi mini da araha. Gaskiya ne, makanikan Kano da Kaduna da Maraɗi suna da hannu, abin da za su tayar ko Bature sai ya riƙe baki, kuma kuɗin aiki bai kai na nan ba. Amma bi hanyar da ido. Sai ka soke istimara ka karɓi farantin fitarwa, ka biya jirgin ruwa daga Jidda, kuma motar da ba ta tafiya da ƙafarta ɗaukarta ya fi tsada. Najeriya ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa tun Janairun 2017, sai ta tashar ruwa, kuma akwai iyakar shekarun motar da ake bari ta shigo. Daga 2022 kwastan da lambar casis suke yanke kuɗin fito.  'Yan Nijar kuma kun san yadda hanyar Kwatano zuwa Gaya ta rikice tun juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome. Bayan duk wannan, a je Kano a canza casis, takardar kwastan tana ɗauke da tsohuwar lamba, mota tana ɗauke da sabuwa. Ƙaninka ya ɗauko ta zuwa Jibiya ko Illela, a shingen farko a ce ya buɗe, a leƙa bayan taya. A wannan zamani na rashin tsaro, a-kori-kurar Land Cruiser da lambarta ba ta dace da takarda ba, ka san irin kallon da za a yi wa yaron nan. Kai kana nan kana wanke-wanke a hotel, waya tana ta ƙara.

In don gida kake so, ni a ganina ka tura kuɗin, a saya a can, wadda ta riga ta shigo da takardunta cikakku, wani naka mai amana ya je da makanike su duba. Ko ka ƙara haƙurin shekara ɗaya ka sayi mai lafiya. Na san shekara ɗaya a ƙasar mutane ba wasa ba ce, kowa yana ƙirga watanni. Amma garin neman gira ake rasa ido.

Wanda kuma ya ce shi lallai sai ya sayi tsohuwa a nan, to ga yadda za ka duba. Kada ka je da dare, kada ka je kai kaɗai. Ka fara da lamba: ta jikin casis, da ta farantin da ke jikin bodi, da ta istimara, su zama ɗaya harafi da harafi. Ka shafa wurin lambar da yatsa, ka haska fitilar waya a karkace. In wurin ya fi gefensa santsi, ko akwai alamar walda a kewaye, ko fentin wurin ya fi na sauran sabunta, ka yi sallama ka tafi, kada ma ka tsaya ciniki. Ka ciri rahoton Mojaz da lambar, 'yan riyaloli ne, zai nuna maka tarihin da aka rubuta a kan motar. Ka kai ta wurin masu fahas na kuɗi su ɗaga ta sama, kai ma ka shiga ƙasa da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe yana amsawa a dushe. Ka zura yatsa a ramukan casis ka ji ko ɓawon tsatsa ko busasshiyar laka za ta biyo. Ka sa awo daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan ka juya, su zo daidai. Ka sa wani ya tuƙa ta a miƙe kai kana baya kana kallo, in tana tafiya a karkace kamar kare, casis ya murɗe. Ka dubi tayoyi ko gefe ɗaya suke cinyewa. Mai motar da ya ce ba za a ɗaga ta ba, ko ya ce yana sauri akwai wani mai saye a hanya, ka bar wa wancan ɗin.

Kuma kada riyal ɗaya ya fita daga hannunka sai fahas da ta'amin suna da rai, an yi naƙalin milkiyya ta Absher ko a ma'arad mai lasisi. Takardar hannu da shaidu biyu a wajen mai shayi ba ta aiki a ofishin murur.

Waɗanda suka riga suka saya, motar tana tsaye, ku huɗun nan da sauran da ba su yi magana ba: kada ku kwance komai tukuna. Ku ɗauki hoton lambar, da hoton wurin da ya karye daga kusa da daga nesa, ku kai wa warsha mai lasisi ta gani. In ta walda ce a nemi izini a yi. In ta wuce walda, injin da giyabos da dabal da akzil suna da kuɗi, masu tashlih za su saya, sai dai ku tabbata an soke rajistar motar daga sunan wanda take kansa, a ba ku shaida, don kada wata rana lambar ta fito a jikin wata mota a zo ana neman ku. Za ku yi asara, amma wadda za a iya ƙirgawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina nan inda kuka sani. Mai son in leƙa masa ƙarƙashin mota kafin ya biya ya zo da ita, ba na karɓar komai, sai dai ya zo da kwalin da zan shimfiɗa. Allah ya tsare mana lafiyarmu, ya mai da kowa gida da abin hannunsa.